Kwalba Mai Shuɗin Murfi

Ku yi mini afuwa. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai, irin wadda ake ta kira kafin ta ɗago kai daga littafi. Wannan ne karo na farko da na yi ƙarfin halin jera kalmomi da sunan labari. In kun ga na yi tuntuɓe, ku kau da kai ku wuce. Labarin kaji ne, da wata yarinya, da babanta.

Ƙwan da Malama ta tsinta da safiyar nan bai yi kama da ƙwai ba. Ɓawonsa ya yamutse kamar yatsan da ya daɗe cikin ruwan wanki, gefe guda kuma ya lotsa. Ta juya shi a tafin hannunta, ta kai shi bakin taga inda haske yake, ta sake juyawa. Da ta fasa shi a murfin bokiti, sai farin ya bazu tsululu kamar ruwa, gwaiduwar ta tsaya ita kaɗai a tsakiya. A bayanta wata kaza ta yi atishawa, wata ta amsa mata daga can ƙurya.

Malama ba malamar kowa ba ce. Kawunta ne ya laƙaba mata sunan tun tana ƙarama, don ko aikenta aka yi sai ta tsaya a hanya tana karanta takardar da aka naɗe saƙon da ita. Gidansu kaji ake kiwo, masu ƙwai. Ɗakuna biyu ne a bayan gida, da ɗan fili a tsakaninsu. Babban ɗaki na Baba ne, cike da tsofaffin kajin da suka daɗe suna ƙwai. Ƙaramin kuwa da buhunan abinci ake jibgewa a ciki, sai da Malama ta gama makaranta ta yi ta naci kafin Baba ya yarda ya zuba mata 'yan tsaki. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata: in suka girma suka yi ƙwai yadda ya kamata, ɗakin ya zama nata, in ba su yi ba, ta koma shagon Gwaggo ta ci gaba da auna sukari da miƙa sabulu. Ta taɓa zaman shagon nan a wani dogon hutu, kuma har yanzu in ta ji ƙamshin sabulun wanki, barci da baƙin ciki ne ke taso mata tare.

Ta ji takun rambut ɗin Baba, dogon takalminsa na roba. Kullum haka yake yi: in ya gama zagayen babban ɗaki, sai ya ratso filin ya shigo nata, ya taɓa mazubin ruwa, ya shinshina abincin, ya ɗaga kaza ɗaya ya duba ƙarƙashinta, ya fita. Yau kam ya tsaya a kan murfin bokitin.

"Mene ne wannan?"

"Ƙwai ne, Baba."

"Ƙwai." Ya ɗauki wani daga kiret ɗin ƙwai, shi ma yamutsattse. "Na ga ƙwai a rayuwata. Wannan ya fi kama da fuskar Kawunki in ya tashi daga barci. Tun yaushe?"

"Shekaranjiya na fara gani. Na ɗauka za su daina."

"Atishawar fa?"

"Ita ta riga."

Ya kasa kunne. Ɗakin duk ya cika da wani ɗan kakari, kamar ana tafasa ruwa a nesa.

"Murar kaji ce," ya ce. "Ba mun yi musu rigakafinta ba?"

"Mun yi."

"Na yi wa nawa, kin yi wa naki. Kwalaben tare na sayo su, a kula ɗaya, suka kwana a firji ɗaya. Nawa sun ɗan yi atishawa sun ware, je ki ga kiret ɗinsu. To ke da kike karatu, faɗa mini: in magani ɗaya ne, ciwo ɗaya ne, me ya rage?"

Ta san amsar da yake so.

"Hannu ne ya rage," Baba ya ce, ya ajiye ƙwan a hankali. "In watan nan ya ƙare ba su gyaru ba, zan kira Gwaggonki."

In yana jin daɗinta Uwata yake ce mata. Ranar kuwa tun daga shigowarsa har fitarsa "ke" kawai yake ce mata.

Ta wuni tana tuhumar hannunta. Rigakafin nan ɗigawa ake yi a ido. A riƙe kaza a karkace, a ɗiga mata ɗigo ɗaya, a jira har ta ƙifta ta haɗiye, sannan a sake ta. Malama ta tuna ta jira kowace ɗaya. Can kuma sai ta ji kamar ba ta tuna ba. Ko ƙanƙarar kular ta narke tana tsakar aiki? Ko ta riƙe kwalbar a tafin hannu har ta ɗumama? Ta ɗauko littafin kiwon kajin da ta kusan haddacewa, ta buɗe shafin da ta san abin da ke cikinsa, ta karanta duk da haka. Littafin ya ce kazar da aka yi wa rigakafi yadda ya dace ta tsira. Bai ce komai ba game da kazar da aka yi wa, kuma ba ta tsira ba.

Kwalbar kuwa ba wanda zai iya zarginta a gidan nan. Tun Baba yana saurayi aka taɓa sayar masa da ruwan banza da sunan rigakafi, kajinsa suka ƙare tas. Daga ranar ya zama mai ido a kan jabu. Iri ɗaya yake saye, mai shuɗin murfi, kuma sai ya ɗaga ta a haske, ya shafa takardar jikinta da babban yatsa, ya gwada murfin da farce. Masu kiwon unguwar har kawo masa nasu suke yi ya duba musu. Bana da suka je shagon magani shi da Malama, mai shagon ya fito musu da wata mai koren murfi, ya ce sabuwa ce, an ƙara mata wani abu saboda ciwon da ke yawo yanzu.

"Abin da yake aiki ba a ƙara masa komai," Baba ya ce masa. "Shekara da shekaru ina amfani da shuɗiyar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ka ajiye koriyarka ka jira wanda bai san hanya ba."

Shagon ba shi da shuɗiyar, sai ya hau mota takanas zuwa wani gari, ya nemo ta. Da ya dawo Malama ce ta gwada rubutun jikinta da hoton da ke cikin littafinta, harafi bayan harafi, ta ce daidai ne. Ranar har wani daɗi ta ji, don Baba ya ce mata Uwata a gaban baƙi.

Inna ta same ta a kicin ta tasa abinci a gaba ba ta taɓa ba.

"Ikon Allah. Kaji ne ke mura, ke ce kike rama."

"Inna, ban san me na yi ba."

"To ki daina neman abin da ba ki san kin yi ba. Babanki ba zai ce ya yi kuskure ba, ke kuma ba za ki iya cewa ba ki yi ba. Ku nemo wanda zai faɗa muku. Gobe Kawunki zai shiga gari da ƙwai, ki bi shi ya sauke ki wajen likitar dabbobin nan mai ɗakin gwaji. Yanzu dai ki ci, ko in ba kajin, su ma ƙila su ƙi."

Washegari ta sa kaza ɗaya mai kakari a kwali, ta huhhuda shi, ta naɗe yamutsattsun ƙwai biyu a tsumma, ta jefa kwalbar da ba komai a ciki a jakarta. Kawu ƙanin Inna ne, shi ke rarraba ƙwan gidan a shaguna da wata tsohuwar motar da ƙofarta ba ta buɗuwa sai daga waje.

"Malamar kaji, an fito da marar lafiya?" ya ce yana leƙa kwalin. "Sannu, baiwar Allah. Kin san jiya wani mai shago ya tambaye ni ko mun koma kiwon ƙadangaru? Na ce masa sabon yayi ne, ƙwai mai guga da ƙwai marar guga, ya zaɓa."

"Kawu, ba abin dariya ba ne."

"Na sani. Shi ya sa nake yi, don in na bari ke ba za ki yi ba."

Ɗakin gwajin yana bayan asibitin dabbobi, ƙarshen wani dogon baranda. Warin maganin wanke ƙasa ne ya fara tarbarta. Firji biyu suna gunji a jikin bango, ga wata na'ura a kan tebur kamar ƙaramin akwati mai taga, ga kujera ɗaya mai taya da aka ɗaure ƙafarta da waya. Likitar gajeriyar mace ce, tabaronta a goshi, tana ta lalube a kan tebur tana nemansa. Ta duba ƙwan, ta buɗe bakin kazar ta saurari numfashinta, ta goga wani ɗan tsinke mai auduga a maƙogwaronta ta jefa shi cikin ƙaramar kwalba. Sannan ta karɓi kwalbar rigakafin ta jujjuya.

"Jabu ce?" Malama ta tambaya. Ta ji kunyar yadda take fatan a ce eh.

"A'a. Ta gaske ce, mai kyau ma."

"To hannuna ne ke nan."

"Nuna mini yadda kika yi."

Malama ta riƙe kazar a karkace, ta kwatanta da yatsa, ta jira.

"Ni ma haka nake yi," Likita ta ce. "Wataƙila ma kin fi ni haƙuri."

"To in ba kwalba ba ce, ba hannu ba ne..."

"Zauna, ƙanwata. Ba kan waccan ba, tana kayar da mutane." Ta jawo mata benci. "Ciwon nan bairos ne ke kawo shi, wata ƙwayar cuta ce da ba ta da aiki sai kwafar kanta. In ta shiga jikin kaza, sai ta yi ta fitar da irinta, dubbai bisa dubbai. Duk bayaninta a rubuce yake a cikinta, wani dogon layi na ƙwayoyin gado, kuma kowace sabuwa sai an kwafa mata layin. To ita ba ta iya kwafa ba. Kin san ajin da ɗalibi ɗaya ya kwafa daga allo, na bayansa ya kwafa daga nasa, na bayan wannan ma haka?"

"Kafin a kai bencin ƙarshe an sami wani abu dabam."

"Yawwa. Yawancin kuskuren ba ya amfanar ta, wani ma kashe ta yake yi. Amma wani lokaci sai kuskuren ya faɗa daidai inda ke tsara fuskarta. Shi kuma rigakafi hoto ne. Kin nuna wa jikin kaza hoton ɓarawo, kin ce in ya zo a kama shi. Shuɗiyar nan hotonta mai kyau ne, sai dai an daɗe da ɗaukarsa. Ina zargin hoton kakan ne, jikan kuma shi ya shigo muku."

"Ke nan rigakafin bai yi aiki ba."

"Ya yi. Kajinki nawa suka mutu?"

"Ko ɗaya."

"Kin gani? Jika ba ya rasa kamar kakansa, ko a hanci ko a tafiya. Jikinsu ya ɗan gane shi, ya hana shi yin kisa, amma bai gane shi da wuri ba, har ya kai ga mahaifar ƙwai."

Malama ta dafe goshi. Ya yi aiki, kuma bai yi ba. Ta gaske ce, kuma ba ita ba ce.

"Amma kajin Baba lafiyarsu ƙalau. Kwalba ɗaya ce."

Likita ta sami tabaronta a goshi, ta sauko da shi, ta dubi Malama da kyau.

"Tsofaffi ne?"

"Sosai."

"To ina son in ji maƙogwaronsu su ma. Ga tsinkayen nan, ki goga wa na ɗakinsa, ki goga wa na ɗakinki, kada ki haɗa su, ki aiko mini a ƙanƙara. Zan karanta layin da ke cikinsu in gwada da na kwalbar. Sai kuma ki yi tunanin wannan: wa ke shiga ɗakunan biyu?"

 Malama ta ce za ta yi tunani.

Ta zaci Baba zai hana ta taɓa kajinsa. Sai ya buɗe mata ƙofar da kansa, har ya kama mata.

"Ɗebi son ranki. A kai wa likita ta ga yadda lafiya take, ko ta daɗe ba ta gani ba."

Da yamma suna zaune a tsakar gida, Kawu ya zo shan shayi, Baba ya ce ta faɗa musu abin da aka ce. A mota ta shirya maganar tsaf. Da ta fara sai ta watse mata.

"Ta ce kwalbar ta gaske ce."

"Na sani."

"Kuma ta ce ba hannuna ba ne."

"To na wa ne?"

"Ba na kowa ba. Ciwon ne ya canza. Wato... yana kwafar kansa, kuma bai iya kwafa ba. Kamar 'yan aji. Sai hoton ya zama na kakansa."

"Kakan wa?" in ji Inna.

"Kakan ciwon."

"Ciwo har da kaka," Kawu ya ce, yana hura shayinsa. "Yana da kawu? In yana da shi a gaishe shi, na san wahalar da yake sha."

"Tsaya," Baba ya ce. "Maganin mura ne a kwalbar ko ba shi ba ne?"

"Shi ne."

"Mura ce ta kama kajinki ko ba ita ba ce?"

"Ita ce. Amma ba waccan ba."

"Wace waccan?"

"Ta cikin kwalbar."

"Au, mura ce a cikin kwalbar?"

"Eh, amma mai rauni, don jikinsu ya san ta... Baba, ta fi ni iya faɗa."

Baba ya daɗe yana kallonta, ba da fushi ba, da wani abu mai kama da tausayi, wanda ya fi fushin ciwo.

"In ciwon ya canza, ai har nawa zai kama. Iska ɗaya suke shaƙa. Ba laifi ba ne mutum ya ce hannuna ya kuskure. Shagon Gwaggonki ma aiki ne."

Kwanakin da suka biyo baya ta yi su ne a ruɗe. Atishawar ta ragu, wasu kajin suka koma yin ƙwai sumul, wasu suka ci gaba da yamutsattsu, wasu suka daina gaba ɗaya suna ta cin abinci kamar baƙi. Ba ta san ko gyaruwa ake yi ko lalacewa ba. Kowace safiya kuma takun rambut ɗin nan yana ratso filin, da dusar katakon babban ɗaki manne a ƙasansa, ya shigo ya taka tata. Tana kallon sawun a ƙasa, tana tuna tambayar Likita. Ta yaya za ta ce wa mahaifinta ya daina shigowa? In ta faɗa kuma ba haka ba ne fa? In haka ne fa? Ta rasa wanne ya fi ba ta tsoro. Gwaggo har ta aiko a tambaya ko ta sa a gyara mata kujerar bayan kanta.

Wata yana dab da ƙarewa Likita ta zo da kanta, da hantsi, a kan babur. Kafin ta matso kusa da ɗakunan ta zura wasu ledoji a kan takalmanta. Kawu, wanda ke loda kiret a mota, ya raɗa wa Inna cewa ga wadda ta fi shi tsoron kashin kaji. Aka fito da benci filin da ke tsakanin ɗakunan biyu. Malama ta tsaya jikin bango.

"Ranka ya daɗe, na karanta," Likita ta ce wa Baba. "Wanda ke maƙogwaron kajin 'yarka ba irin na kwalbar ba ne. Danginsa ne, amma ya yi nisa, musamman a wurin da jiki ke gane shi."

"To. Su suka san inda suka samo shi."

"Yana maƙogwaron naka ma."

Baba ya yi 'yar dariya. "Likita, ki shiga ki gani. Ƙwai suke yi kamar an aiko su."

"Na yarda. Tsofaffi ne, sun sha rigakafi ba sau ɗaya ba, kuma a zamansu sun gamu da dangin ciwon nan iri-iri, kowanne ya bar musu ɗan sani. Da baƙon ya zo, sai suka yi masa taron dangi, ya tsaya a atishawa. Amma yana nan a jikinsu, yana fita a majina da kashi. Nata kuwa yara ne, hoto ɗaya kawai suka taɓa gani."

"Kina nufin kajina masu lafiya su ne marasa lafiya?"

"Masu lafiya ne, masu ɗauke da shi."

"Nata marasa lafiyar kuma an yi musu rigakafi daidai?"

"Daidai."

"Da kwalba ta gaske."

"Ta gaske."

Baba ya dubi Kawu, kamar zai sami taimako a can. Kawu ya ɗaga hannuwa biyu.

"Ni tun wajen kakan aka bar ni."

"To da na sayi koriyar fa?" Baba ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ta fi kusa da wannan. Ba shi ba ne sak, amma ta fi kusa. Da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Ba zan rantse maka ba."

"In na saye ta yanzu, shi ke nan an gama?"

"Na bana dai. Mukan haɗa biyun ma, don jiki ya ga fuska fiye da ɗaya. Baɗi kuma sai mun sake dubawa, don ba zai daina canzawa ba."

"Ke nan abin da na sani shekara da shekaru..." Bai ƙarasa ba. Ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

"Saura tambaya ɗaya," Likita ta ce. "Na yi wa 'yarka ba ta ba ni amsa ba. Iska tana iya kai shi, ban musa ba. Amma ya fi son a ɗauke shi, a takalmi, a riga, a hannu. Wa ke shiga ɗakunan biyu?"

 Inna ta shiga gyara ɗankwalinta da bai kwance ba. Kawu ya sami wani abu mai ban sha'awa a tayar motarsa.  Malama ta so ta ce ita ce, don a wuce wurin, amma kowa ya san ba ta taka babban ɗaki sai ranar tsinkayen nan.

Baba ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa.

"Ni ne," ya ce. "Kullum. Ina zuwa in ga ko ta yi kuskure."

"Ban ce kai ka kai musu ba," Likita ta yi saurin cewa. "Mai yiwuwa ne ma daga nata ya tafi naka. Gwajin ba ya nuna wanda ya riga."

"To wa ya ba wa?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba."

"Wallahi ban sani ba."

Baba ya miƙe. Ya taka zuwa ƙofar ƙaramin ɗaki kamar zai shiga, ya tsaya daf da dokin ƙofar, ya leƙa ta ragar waya. Kajin suka taso suna kallonsa, sun saba da shi. Ya daɗe a haka. Da ya juyo ba Malama ya kalla ba, Inna ya kalla.

"A gaya wa Gwaggonta ta nemi wata. Ɗakin nan ba zan ƙara shigarsa ba. Mai shi ta ji da shi, ta sayi koriya ko ja ko ruwan ɗorawa, duk wadda ta ga dama. In akwai magana ta same ni a nan fili, ta faɗa mini daga nesa."

Malama ta tsaya tana juya maganar a ranta, ta kasa gane gabanta da bayanta. An ba ta ɗakin ke nan, ko an bar ta da shi? Yarda ce, ko fushi? Ta nemi fuskar Inna, Inna ta ɗan ɗaga mata gira, abin da zai iya zama barka, zai iya zama yi shiru. Kajin da suka daina ƙwai fa, za su dawo? Likita ta riga ta ce wasu za su dawo, wasu ba za su dawo ba, kuma ba a gane su a fuska.

Baba kuwa ya koma benci ya tasa Likita a gaba. In ciwon kullum canzawa yake, masu yin kwalbar ta yaya suke sanin fuskar da zai zo da ita baɗi? In ba su sani ba, me suke zubawa a ciki? In hasashe ne, wa ya ba su izinin hasashe da kajin mutane? Likita ta ɗauki tsinke ta fara zana layi biyu a ƙasa, Kawu ya tsuguna yana tambaya wanne ne kakan, Inna tana cewa a bar baiwar Allah ta sha ruwa tukuna.

Rana ta yi sama, ruwan ƙaramin ɗaki bai canzu ba tun safe. Malama ta bi jikin bango a hankali, ta tuɓe silifas ɗinta a bakin ƙofa, ta shige ba takalmi, ta jawo ƙofar ba tare da ta yi ƙara ba.

Ni ma bari in sulale daga nan, tun hankalin kowa yana kan zanen da ke ƙasa.